Rumbu Ɗaya ko Rumbuna da Yawa: Abin da Ma'aikata Ke Samu Idan Ta Rarraba Bayananta



Mai girma shugaban wannan zama, Allah ya ƙara maka lafiya. Malamaina da nake hangowa a sahun gaba, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ma'aikatu, 'yan kasuwa, ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa, na kuma gode da kuka bar harkokinku kuka zo sauraron maganar da a kunne ba ta da daɗi kamar ta siyasa ko ta ƙwallo.

Bari in fara da ranar da yawancinmu muka ji a jika. Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, muna kan azumi na huɗu, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. A nan, mai cefanen buɗa baki ya tsaya gaban mai POS, an zura kati an zare, an sake zurawa, amsar dai ɗaya ce: babu netwok. Gyaran ya ɗauki makonni. Kuɗin mutumin nan yana nan a asusunsa, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Abin da ya yanke shi ne hanyar zuwa wurin da aka rubuta cewa kuɗin nasa ne. To, wannan rubutun, da inda ake ajiye shi, da yawan wuraren da ake ajiye shi, su ne abin da zan yi magana a kai yau.

Duk wanda ya taɓa zama a shago a Kantin Kwari ko Singa ya san littafin bashi. Wane ya ɗauki bandir goma, ya ba da rabi, saura sai bayan kasuwar mako. Rumbun bayanai littafin nan ne, sai dai a cikin kwamfuta yake, kuma mutum dubu na iya karantawa da rubutawa a cikinsa lokaci guda ba tare da wani ya goge na wani ba. Tsarin da akasarin ma'aikatu ke amfani da shi har yau, na jera bayanai layi-layi cikin jadawali, wani masani ne na kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya bayyana shi a 1970. Shekaru da dama ana ajiye wannan littafi cikin babbar kwamfuta guda, wadda masu sana'ar ke kira saba, a ɗaki guda mai sanyi, makullinsa a hannun mutum guda. Kada ku raina wannan tsari. Littafi ɗaya ba ya saɓa wa kansa. In ya ce naira dubu ɗari ce a asusunka, babu wani littafin da zai tashi ya ce dubu tamanin ce.

Aibinsa shi ma a fili yake. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 sun san cewa wuta ba ta tsallake littafin bashi ta ci kaya kaɗai. Mutum zai rasa hajarsa, ya kuma rasa shaidar abin da yake bin mutane.

Makiyaya sun daɗe da gano maganin wannan. Mai shanu da yawa ba ya tara su a garke ɗaya. Zai ba wannan ɗa wasu ya yi kudu da su, ya ba ƙaninsa wasu, ya bar na tatsa a gida, don in ciwo ya faɗa wa garke ɗaya kada ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Rarraba rumbun bayanai yana da fuska biyu. Ta farko irin ta makiyayin nan ce: a kasa bayanan kashi-kashi, kowace saba ta riƙe nata kason. Ta biyu makiyayi ba zai iya ta ba, domin saniya ba ta kwafuwa: a yi wa kowane kaso kwafi biyu ko uku, a ajiye a garuruwa dabam-dabam, duk abin da aka rubuta a nan ya bayyana a can. Manyan tsare-tsare suna haɗa duka biyun, sannan a ɗora manhajar da za ta sa mai aiki da su ya ga kamar littafi ɗaya ne a gabansa.

Amfani na farko, wanda in babu shi ma ba za a yi wannan taro ba, shi ne tsira daga asara. Cikin daren 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ya taɓu, shafukan intanet miliyoyi suka ɗauke. Ba a rasa rai ba. Abin da ya fi ba da takaici shi ne wasu kamfanoni sun biya kuɗin a riƙa yi musu kwafin ko-ta-kwana, sai bayan wuta ta mutu suka gano ashe kwafin a wuri ɗaya yake da na asalin. Rumbu da ajiyarsa suka tafi tare. A 2023 wata kotun kasuwanci a Faransa ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya, amma diyya ba ta dawo da sunayen abokan ciniki na shekaru.

Misalin da na fi so shi ne na Koriya ta Kudu, domin a can an ga bambancin a gini ɗaya, a rana ɗaya. Ranar Asabar 15 ga Oktoba, 2022, wuta ta kama a ɗakin batura na wata cibiyar bayanai a Pangyo, kusa da Seoul. Kamfanoni biyu manya suna da sabobi a ginin: Kakao da Naver. KakaoTalk ita ce manhajar da kusan kowa a ƙasar ke aika saƙo da ita, kuma a jikinta ake kiran tasi, ake biyan kuɗi. Da aka yanke wutar ginin, rayuwar mutane ta tsaya cak. Sai da aka kwashe kwana biyar da ɗoriya kafin komai na Kakao ya dawo daidai, kuma ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin biyu ya ajiye aiki. Naver kuwa, da yake yana da tasa cibiyar a Chuncheon kuma ya rarraba ayyukansa, cikin sa'o'i ya farfaɗo. Wutar ɗaya ce, shirin da aka yi tun kafin ta tashi ne ya bambanta.

Amfani na biyu shi ne kusanci. A nan zan ɗan yi lissafi, ɗalibai ku biyo ni. Saƙo a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 200 a milisakan guda, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Legas zuwa Landan kimanin kilomita 5,000 ne a miƙe. Zuwa da dawowa 10,000 ke nan, milisakan 50, ko da wayar a miƙe take sambal, alhali ba a miƙe take ba, tana bin gaɓar teku ne tana ratsa na'urori, don haka a aikace abin yakan kusa ninkawa. Za ku ce mene ne kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa? To, a ce shafin da ma'aikacin asibiti ke buɗewa yana yi wa rumbu tambaya arba'in, ɗaya bayan ɗaya: sunan majinyaci, magungunansa, sakamakon gwajinsa, bashin da ake binsa. Daƙiƙa huɗu ke nan a kan kowane majinyaci, ga layi har bakin ƙofa. Babu kuɗin da zai sayi gudun da ya fi na haske. Abin da kuɗi zai iya shi ne ya matso da kwafin kusa da mai buƙatarsa.

Doka ma tana da nata bakin a nan. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanan mutane a watan Mayun 2018, Najeriya ta samu tata a watan Yunin 2023, kuma dukkansu sun sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Kamfanin da ke ciniki a ƙasashe uku zai iya tsara rumbunsa ta yadda bayanan kowace ƙasa za su zauna a cikinta, shugabanni kuma su ga jimillar daga ofis ɗaya.

Na uku shi ne girma. Kun tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, mai kayan miya da mai shayi duk suka koma karɓar tiransifa. Jama'a suka yi wa manhajojin bankuna rubdugu, aka riƙa cire kuɗi a nan ba su isa can ba. Saba ɗaya, komai girmanta, tana da iyaka, kuma kowane ƙarin ƙarfi ya fi na bayansa tsada. A rarrabben tsari kuwa, in kaya sun yi nauyi sai a ƙaro matsakaitan sabobi a sake kasafi. Wannan buƙata ce ta sa Google ya ƙera Bigtable, wanda ya bayyana wa duniya a 2006, Facebook kuma ya ƙera Cassandra don binciken akwatin saƙonni, ya sake ta kyauta a 2008.

Sai dai kasafin kansa yana son hankali. A ce wata hukuma ta ce za ta raba sunayen 'yan Arewa bisa harafin farko, kowane harafi da sabarsa. Sabar harafin A, mai ɗauke da Abubakar da Aminu da Aisha da Amina, da ta harafin M mai ɗauke da Muhammadu da Musa da Maryam, za su yi ta nishi, ta harafin W tana hamma. In aka raba bisa jiha, Kano da Legas za su danne sauran. Shi ya sa injiniyoyi kan dama lambar kowane mutum da wani lissafi, yadda kason zai watsu daidai wa daida. Wanda bai san mutanen da yake yi wa aiki ba zai yi kuskure a nan ko da ya haddace littattafan duka.

Amfani na huɗu ya fi shafarmu fiye da yadda ya shafi mutanen Turai, kuma littattafansu ba su cika tsayawa a kansa ba: ci gaba da aiki alhali babu netwok. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ku kwatanta ma'aikaciyar lafiya a ƙauye wadda manhajarta ba ta buɗuwa sai ta gaisa da saba a Abuja. Ko ba a rufe layi ba ma, mun san garuruwan da sai an hau tudu ko bishiya ake samun sanda ɗaya. Akwai rumbunan da aka gina musamman saboda irin wannan hali, kamar CouchDB da ƙanwarta PouchDB, inda wayar hannu kanta take zama ƙaramin reshe na rumbun. Ma'aikaciya za ta rubuta yaran da ta yi wa allura a wayarta, ranar da ta shigo gari wayar ta miƙa sababbin bayanai ta karɓo na sauran. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke da babban ofis a Kano, ta yi aiki da wannan fasaha lokacin annobar Ebola a Afirka ta Yamma, inda masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da majinyata ke shiga wuraren da sabis ba ya kai wa.

Zuwa nan na yi ta yabo, kamar dillali. Yanzu bari in faɗi farashin, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da zarar littafi ya zama biyu, an buɗe ƙofar saɓani. Dattawan cikinmu sun tuna zamanin da labarin ganin wata ba ya isa ko'ina a dare ɗaya. An ga wata a wani gari, sanarwa ta fito, amma wani ƙauye bai ji ba sai da hantsi, suna riƙe da azumi maƙwabtansu suna dawowa daga idi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ya yi aiki da labarin da ya iso masa. Haka kwafi biyu suke idan hanyar da ke tsakaninsu ta yanke.

Ku ɗauki asusu mai naira dubu ɗari, kwafi ɗaya a Kano, ɗaya a Legas, sai waya ta tsinke a tsakani. Mai asusun ya zo reshen Kano zai cire dubu tamanin, yaronsa kuma yana Legas da izinin cire dubu tamanin na kaya. Reshen Kano yana da zaɓi biyu kacal. Ko ya ce Alhaji yi haƙuri, ba zan biya ba sai na ji daga Legas, wato ya kare gaskiyar littafi ya ɓata wa mai kuɗi rai. Ko ya biya, Legas ma ta biya, a wayi gari an fitar da dubu ɗari da sittin daga asusun dubu ɗari. Wani malamin jami'ar Berkeley, Eric Brewer, ya gabatar da wannan a wani taron masana a shekarar 2000, sannan Seth Gilbert da Nancy Lynch na jami'ar MIT suka tabbatar da shi da hujjar lissafi a 2002. Ma'anarsa a taƙaice: ranar da hanya ta yanke, ko dai ka ci gaba da amsa wa kowa, ko ka tabbatar duk amsoshinka sun zo ɗaya. Ba za ka samu duka biyun ba, kuma duk ɗan kwangilar da ya ce zai ba ku duka biyun, ku riƙe aljihunku.

Kamfanin Amazon ya zaɓi ci gaba da amsa wa kowa a kan kwandon sayayya. A takardar da injiniyoyinsa suka fitar a 2007 kan tsarinsu mai suna Dynamo, sun bayyana cewa kwandon mai saye dole ya karɓi kaya a kowane hali, ko da sabobi ba sa jin juna. In hanya ta dawo sai a haɗe kwandunan biyu. Illar ita ce wani lokaci abin da mutum ya cire daga kwando yakan sake bayyana. Sun auna sun ga wannan ƙaramin abu ne: mai saye zai sake cirewa, ya fi a ce ya zo da kuɗinsa an ce masa shago a rufe yake. Kowane ɗan kasuwa a zauren nan zai yarda da wannan hukunci. Amma ba wanda zai yarda a yi wa asusunsa na banki haka.

Inda ake buƙatar magana ɗaya tak, dabarar ita ce rinjaye. A ajiye kwafi uku, kada a ce wa mutum kuɗinka sun shiga sai biyu daga ciki sun rubuta sun amsa. In ɗaya ya faɗi, biyun da suka rage su ci gaba. In aka ware ɗaya shi kaɗai, ya san ba shi da rinjaye, sai ya kame bakinsa. Kwafi biyar suna jure faɗuwar biyu. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne kwafi huɗu ba su fi uku juriya ba, domin rinjayen huɗu uku ne, faɗuwar ɗaya kawai za su ɗauka, ka ga an yi asarar kuɗin na huɗun. Leslie Lamport ne ya tsara fitacciyar hanyar cimma wannan matsaya, ya sa mata suna Paxos, sunan wani tsibiri a Girka, aka buga ta a 1998. Ta yi wuyar fahimta har sai da Diego Ongaro da John Ousterhout na jami'ar Stanford suka fito da wata a 2014 mai suna Raft, babban burinsu shi ne a samu wadda mutum zai iya ganewa. Google kuwa, a tsarinsa Spanner da ya bayyana a 2012, har agogunan atam da na'urorin GPS ya girka a cibiyoyinsa, don kawai sabar da ke wannan nahiya da ta waccan su yarda a kan wane rubutu ne ya riga wani. Wasu tsofaffin injiniyoyin Google sun kwaikwayi tsarin suka yi nasu, suka sa masa suna CockroachDB, wato kyankyaso, saboda wuyar kashewa. Duk matar da ta taɓa bin kyankyaso da takalmi a kicin ta san sunan ya dace.

Kada ku ɗauka masu wannan ilimi sun tsira. Bari in ba ku labarin daƙiƙa 43. Ranar 21 ga Oktoba, 2018, ma'aikatan GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu, suna canza wata na'urar sadarwa da ta fara lalacewa a gabashin Amurka. Hanyar da ke zuwa babbar cibiyarsu ta yanke na daƙiƙa 43, ta dawo. A cikin wannan ɗan lokaci, manhajar da aka ɗora wa aikin sa ido ta ga shugaban rumbu, wato kwafin da ke karɓar rubutu, ya yi shiru, sai ta yi abin da aka umarce ta: ta naɗa kwafin da ke yammacin ƙasar a matsayin sabon shugaba. Matsalar ita ce tsohon shugaban ya riga ya karɓi wasu rubuce-rubuce na 'yan daƙiƙoƙi da ba su kai ga isa yamma ba. A ɗaya daga cikin rukunan da suka fi cunkoso, rubutu 954 ne. Sabon shugaban kuma ya shiga karɓar nasa. Aka samu sarki biyu a gari ɗaya, kowanne da abin da ɗayan bai sani ba. Kamfanin ya zaɓi kare bayanan mutane a kan saurin dawowa, ya shiga sake gina kwafin daga ajiya, dandalin ya yi sa'a 24 da minti 11 yana ɗingishi. Ku lura, babu gobara, babu ɓarawo, babu sabar da ta ƙone. Maganin da aka tanada ne ya zama ciwon.

Saboda haka ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗinsa ba, shi ne yawancin ma'aikatunmu ba sa buƙatar irin tsarin Google. Makarantar da ke da ɗalibai dubu biyar, ko asibiti mai gado ɗari biyu, ko kamfanin rarraba taki mai rassa shida, saba ɗaya mai kyau za ta ɗauki bayanansu ba tare da ta yi gumi ba. Abin da suke buƙata shi ne kwafi na biyu a wani gari, kan wata wutar dabam da wani layin intanet dabam, wanda ke bin na farko a kai a kai, da kuma ajiyar da ake ɗauka kullum a kulle gefe. PostgreSQL da MySQL, waɗanda kyauta ne, duk suna yin wannan. Kowane reshe da ka ƙara yana nufin wani janareta, wani dizal, wani kuɗin haya da galibi da dala ake biya, da kuma injiniyan da ya fahimci abin, wanda da zarar ya ƙware sai wani kamfani a waje ya ɗauke shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na ce ajiyar da ake kullewa gefe, kuma da gangan na faɗa. Kwafi mai bin na farko yana bin sa har cikin kuskure. In ma'aikaci ya goge sunayen ɗalibai a nan, kafin ya ɗauke yatsa an goge a can. In masu garkuwa da bayanai suka kulle wannan, kullen zai bi ta hanyar da gyara ke bi. Kwafi yana kare ka daga wuta da ambaliya da yankewar hanya. Daga hannun ɗan Adam kuwa, sai ajiyar jiya da ta shekaranjiya.

Ni kaina na sha wannan darasi, kuma ba a kan wani babban tsari ba. Shekarun baya na taimaka wa wata makaranta ta mayar da sakamakon jarrabawa cikin kwamfuta. Na saya musu faifan ajiya na waje, na koya wa magatakarda yadda zai kwafe komai duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci, kuma bawan Allah bai taɓa fashi ba. Kuskurena shi ne ban tambaye shi inda yake ajiye faifan ba. Ashe naɗe shi yake a baƙar leda saboda ƙurar hunturu, ya tura shi cikin durowar teburin da kwamfutar ke kai. Daren da ɓarayi suka ɓalle taga, sun ɗauki kwamfutar, sun zazzage durowar cikin buhu. Da safe na same shi zaune a kan benci, hula a gwiwa, ya ce mini, "Malam, wallahi ko Juma'ar da ta wuce na yi." Na ce na sani. Wata biyu muka yi muna kwafo maki daga takardun malamai, wasu ma ba a same su ba. Da faifan nan a gidansa yake kwana, da aikin yini ɗaya ne.

Abin da nake so shugabannin ma'aikatu su ɗauka shi ne wannan hukunci nasu ne, bai kamata a bar wa yaron da ke kula da kwamfuta shi kaɗai ba. Shi zai iya gaya muku yadda za a yi, amma ba shi zai yanke abin da ma'aikata za ta iya haƙura da shi ba. Ku zauna da shi ku bi bayananku ɗaya bayan ɗaya. Albashi da kuɗin shiga da adadin maganin da ya rage a sito suna son magana ɗaya, ko da za a sa mutum ya jira. Rajistar halarta, da rahoton ma'aikacin gona daga ƙauye, da hotunan aikin da aka kammala, za su iya kwana a waya su iso gobe. A kan kowanne ku amsa tambaya biyu da lamba: in abin ya tsaya, sa'a nawa za mu iya jurewa, kuma aikin sa'a nawa za mu iya rasawa mu sake yi da hannu? Amsar asibiti ba za ta zama ɗaya da ta ɗakin karatu ba. Daga waɗannan lambobi ne ake sanin kwafi nawa, a ina, kuma nawa za a kashe.

Saura gwaji, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, wani kamfani ne dabam da GitHub da na ambata, yana aiki cikin dare a gajiye, ya goge bayanai a kan babbar sabar yana zaton ta biyun ce. Da suka juya ga tanadinsu, hanyoyi biyar na ajiya da kwafi da suke taƙama da su, sai suka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu sa'a shida kafin nan, kuma aikin waɗannan sa'o'i shida ya tafi. Kamfanin Netflix ya bi ta wata hanyar. Ya rubuta manhaja mai suna Chaos Monkey, mu ce birin ɓarna, aikinta shi ne ta riƙa kashe sabobin kamfanin da gangan, da rana tsaka, lokacin da injiniyoyi ke ofis idonsu biyu, don a ga ko sauran za su ɗauki kayan. A 2012 suka sake ta ga duk mai so.

Ba na ce ku saki biri a gonarku ba. Ku dai zaɓi wata Asabar da babu cunkoso, ku sanar da ma'aikata, shugaba da kansa ya zo ya zauna da agogo a hannu. A kashe babbar sabar. A ga minti nawa ta biyun za ta ɗauka kafin ta karɓi aiki, a buɗe ta a duba ko rasit na ƙarshe da aka yanka jiya da yamma yana ciki. Sannan a ɗauko ajiyar makon jiya a zuba ta cikin wata kwamfuta fanko, a ga ko za ta buɗu. A rubuta sunan wanda ya san kalmar sirri, da wanda zai tsaya a madadinsa in ya tafi Hajji. A maimaita bayan wata shida.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa la'asar ta gabato. In akwai masu tambaya, bismillah, sai mu fara da ɗaliban da ke baya.